Tsohon Injin da Baffa Ya Sayo

3 ga Maris

Uwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na asibiti. Mu nan sai godiya. Gwiwata tana nan yadda kika bar ta, da safe ta ƙi, da rana ta yarda. Gwaggonki ta yi mura mako guda, ta warke, ta koma faɗa da kowa, alamar sauƙi ya samu ke nan.

Babanki kuwa ba zan ɓoye miki ba, tunda jinya aikinki ce kuma kin fi ni sanin irin wannan. Jikinsa ƙalau. Yana cin abin da aka kai masa, ko da rabi ne. Amma wata biyar ke nan da rasuwar mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, bai buɗe shagonsa ba. Kwaɗon ƙofar har ya fara tsatsa. Masu jirage na zuwa da injinansu a kafaɗa, su yi sallama a ƙofar gida, su koma da su yadda suka zo. Shi yana kwance a ɗakin nan mai taga ɗaya, fuskarsa na kallon bango. In na gaishe shi ya amsa. In na ƙara magana ta biyu sai ya ce, "To, Yaya." Hirar yini ke nan.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na sayi injin jirgin ruwa. Kada ki yi dariya. Na san shekara talatin da ɗaya alli kawai na riƙe, ko ƙwan lantarki ya mutu a gidana ƙanena nake aika wa. A wurin Dogo mai tsofaffin ƙarafa na gan shi, bayan tashar jirage, an lulluɓe shi da tamfol. Mai ƙarfin doki goma sha biyar ne. Fentinsa ya ɓare, murfinsa a tsage an ɗaure da waya, kunne ɗaya na farfelarsa a lanƙwashe. Dogo ya rantse mini lafiyarsa ƙalau, barci kawai yake. Na ja igiyar, ko motsi. Na ce masa wannan barcin ya yi nauyi. Duk da haka na saya.

A baro na turo shi, ba kuma gidana na kai shi ba. Tsakar gidanku na kai shi. Na sami duro na cika da ruwa, na gitta katako a bakinsa, na ɗaure injin a kai, daidai ƙarƙashin tagar Babanki. Gwaggonki ta tambaye ni ko gidana ya ƙone ne. Na ce inuwar nan ta fi.

Ya zo da ɗan littafinsa mai hotuna, gara ta ci rabinsa. Da shi nake aiki. Na kwance kafireta, wato mahaɗar mai da iska, na jera kayan cikinta a kan faranti, na wanke da kananzir, na mayar, noti biyu suka yi saura. Na faɗi hakan da ƙarfi, sau biyu. Ba a tanka daga ɗaki ba.

Akwai abu ɗaya da nake roƙo. A cikin ƙafar injin, can ƙasa kusa da farfela, akwai wata baƙar roba mai fuka-fukai shida, littafin ya ce ita ke tura ruwa sama ya sanyaya inji. Ta wannan ta bushe, na taɓa ta farfashe a hannuna. An rasa irinta nan da ƙetare. Na zana miki ita a bayan takardar nan, na kwafo lambarta. Garinku babba ne, ki duba mana in kin sami sarari.

Gwaggonki na gaishe ki. Ta ce ki riƙa cin abinci.

Naki,
Baffa


26 ga Maris

Baffa,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ka rage hawan matakalar nan ta bakin ruwa. A gaishe da Gwaggo. Ni lafiya lau, an mayar da ni ɗakin tiyata, tsayuwa ce kawai ta yi yawa.

Na karanta wasiƙarka ban yi dariya ba. Ka gafarce ni, Baffa, ban taɓa mayar maka da magana ba, amma wannan karon zan faɗi abin da ke raina. A cikin duk abin da ke duniya, injin jirgi ka ga ya dace ka ajiye masa a bakin taga?

Ba ka cikin jirgin ranar, ni ma ba na ciki, amma duk mun san abin da ya faru. Da tsakar rana ya ɗauki Mama zai ƙetara da ita asibiti, injinsa ya tsaya a tsakiyar ruwa, ya ƙi tashi. Mutumin da duk masu jiragen garin ke kawo wa gyara. Awa biyu yana tuƙi da filafili, tana kwance a ƙasan jirgi ya rufa mata rigarsa. Ka manta abin da ya yi da suka isa? Ya kwance injin ya sake shi cikin ruwa a gaban mutane. Wanda ya yi haka, shi za a tasa da warin fetur kullum safiya?

Na gane abin da kake nufi. Kana so ya ji kana ɓarna ya kasa haƙuri ya fito. Wataƙila da yara a aji wannan dabarar tana ci. Baba ba ɗalibinka ba ne. Ina tsoron kada ya ɗauka izgili ake yi masa a cikin gidansa.

Robar zan duba, tunda ka ce. Amma ba da son raina ba.

Akwai abin da ba ka faɗa mini ba, ni kuma ina jin nauyin tambaya. Wasiƙa huɗu na rubuto wa Baba tun da na dawo. Ko ɗaya bai amsa ba. Yana karanta su? Yana ambatona? Na san na tafi kwana shida kacal bayan an binne Mama, ban kuma da abin da zan ce sai dai haka aka ba ni. Ina da hutun mako uku a watan Yuni. Ina so in zo. Ka gaya mini gaskiya yadda ka gani.

'Yarka


18 ga Afrilu

Uwata,

Saƙonki ya iso, na kuma ji faɗan. Uwa ai ta isa ta yi wa ɗanta faɗa. Muna lafiya. Matakala na rage ta, ba don umarninki ba, don injin ya hana ni zuwa ko'ina.

Ban manta ranar ba. Ni na tarye shi a tasha, na ga tafin hannunsa duk ya saɓule. Amma ki sani, Uwata, ni na goya shi yana yaro. Na san shirunsa iri-iri. Wannan ba na mai hutawa ba ne, na mai nutsewa ne, kuma na gwada komai kafin in kai ga Dogo. Na kawo masa abokansa, ya yi kamar yana barci. Na yi nasiha, na yi faɗa, na yi kuka ma rana ɗaya. Abu guda na sani game da shi: bai taɓa iya ganin ana cutar ƙarfe ya yi shiru ba.

Ga labarin aiki. Na canza fulogi biyu. Na wanke tanki, abin da ya fito daga ciki kamar dagwalon kwata. Tiyon mai ya tsage, na sa sabo. Farfela na kai wa maƙeri ya miƙe ta. Notin nan biyu na gano mazauninsu, amma wani sifirin ƙarami ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin randa, ni da Gwaggonki muka yini da tsintsiya. Hannuna ya yi baƙi, sabulu ya gaji.

Ranar Talata ina haɗa mai. Na ɗauki galan na ce da ƙarfi, "Fetur zalla zan zuba, baƙin man nan ɓata kuɗi ne." Sai na ji murya daga taga, a dishe: "Za ka ƙone shi." Na yi kamar ban ji ba, na ce, "Na'am?" Ya ce, "Murfin gwangwani biyu a galan." Bai ƙara ba. Uwata, sai na zauna a bakin duro. Wata shida ban ji shi ya fara yi wa wani magana ba. Gwaggonki ta shige kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Injin yanzu yana tari in na ja. Bai tashi ba tukuna, wani lokaci ma fizge igiyar yake daga hannuna kamar mai jin haushi. Amma tari ma ai rai ne.

Tambayarki. Kin ce gaskiya, ga ta. Wasiƙunki suna ƙarƙashin matashinsa, Gwaggonki ta gani da take shimfiɗa. Ba a buɗe su ba. Na yi masa zancen zuwanki, sai ya ce, "Ba zan iya kallon fuskarta ba." Don haka shawarata kada ki zo a Yuni. Ki bari tukuna. Yanzu ya fara ɗago kai, ina tsoron ganinki ya mayar da shi baya.

Kada ki manta da robar.

Naki,
Baffa


11 ga Mayu

Baffa,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ni ma lafiya.

Na gane. Ba zan zo ba. Na mayar da hutun, wata abokiyar aikina ta karɓa. Tunda fuskata ce ba a son gani, ba zan kawo ta ba. Ban ga laifinsa ba.

Ga robar a cikin ƙunshin nan, a shago na biyar na samu. Mai shagon ya ce ita ce abin da mutane ke wa sakaci. Ƙaramar aba ce, ana ganin ta tsufa a ce gobe, har ranar da inji zai ƙone a tsakiyar ruwa. Ya ce tun farko ita ya kamata a canza.

A gaishe da Gwaggo.

'Yarka


2 ga Yuli

Baffa,

Ina gaishe ka. Ina fatan lafiya ce ta kawo shirun nan. Mako bakwai ke nan, ko a lokacin da ruwa ya yanke hanya ba ka taɓa wuce huɗu ba. Kullum in na tashi daga aiki sai na biya ta wurin mai raba wasiƙu, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

In wasiƙata ta baya ce ta ɓata maka rai, ka yafe mini. Cikin fushi na rubuta ta, a tsaye, a kan kantar gidan waya. Ba kai na yi wa fushin ba.

Bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba, wataƙila ka gane dalilin da ya sa maganar Baba ta shige ni haka. Zuwana na ƙarshe kafin rasuwar Mama, wata takwas kafin ranar, na ga ƙafafunta sun kumbura. Na ga tana tsayawa ta huta tsakanin ɗaki da kicin. Na danna ƙaurinta da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Na san abin da wannan ke nufi, Baffa, a aji aka koya mana. Na ce mu ƙetara a duba ta. Ta yi dariya ta ce gajiya ce, ta ce kada in tayar wa Baba da hankali, aiki ya yi masa yawa. Ni kuma saura kwana biyu in koma, ga jarrabawa a gabana. Sai na yarda da dariyarta, don yarda ta fi mini sauƙi.

In Baba ya san wannan, yana da gaskiya da ba ya son ganina. Wataƙila Mama ta gaya masa kafin ta cika. Ni dai ina so in sani ko kuna raye lafiya. Ko layi biyu ne. Ko Gwaggo ta sa wani ya rubuto.

'Yarka


9 ga Yuli

'Yata,

Ni ne Babanki. Ina gaishe ki. Ina fatan kina lafiya. Rubutuna ba kyau kamar na Yaya, ki yi haƙuri da shi. Gwaggonki lafiya. Ni ma lafiya. Baffanki yana raye, yana samun sauƙi, amma ba zai iya riƙe alƙalami ba. Shi ya sa na rubuto.

Ranar ashirin da takwas ga Mayu da hantsi abin ya faru. Ya naɗe igiyar injin a yatsunsa don ya ji daɗin ja. Injin ya mayar da baya da ƙarfi. Igiyar ta tafi da manuniyarsa ta dama, ta karya ta tsakiya. Likita bai iya ceto manuniyar ba. Daga baya wurin ya yi ruwa, ya yi zazzaɓi, kwana goma sha tara muna asibiti. Yanzu yana gida.

Laifina ne, ina so ki ji daga bakina. Akwai wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa da ke riƙe babban faifan da ke saman inji. In ya karye, wuta na zuwa ba a kan lokaci ba, sai inji ya harbi mai jansa. Tun daga kan gado na gane ya karye, daga jin tarinsa. Mako shida ina ji. Na san kuma abin da Yaya yake yi tun ranar da ya shigo da baro. Na ce a raina, bari ya gaji ya kwashe kayansa. Magana uku ce da zan faɗa ta taga. Ban faɗa ba. Malamin da duk garin nan ke kawo wa takarda ya rubuta musu saboda kyan hannunsa.

Da na ji ihunsa ban san lokacin da na fito ba. Na ɗaure hannun da zanen gado, na ɗauke shi a baya zuwa tasha. Jirgin hayar nan na Mai Farar Hula muka samu. Ban taka jirgi ba tun ranar mahaifiyarki. A tsakiyar ruwa Yaya ya buɗe ido, fuskarsa duk gumi, ya ce, "Ka fito ke nan." Na ce ya yi shiru. Ya ce, "Da na san yatsa kake jira, da tun Maris na ba ka." Na ƙara ɗaure zanen a hannunsa.

Ƙunshinki ya iso muna asibiti. Da na dawo ɗaukar masa kaya Gwaggonki ta ba ni, na buɗe saboda na ji roba ce a ciki. Na karanta 'yar takardar. Na san Yaya kika rubuta wa, amma na san da ni kike. Ban san wanda ya gaya miki ba, don ban faɗa wa kowa ba. Gaskiya ne. Robar ce. Na san tawa ta tsufa. Ina da sabuwa guda ɗaya a shago, wani mai jigilar yashi ya zo yana sauri, na sa masa, na ce tawa ta kai wata mai zuwa. Kwana goma sha ɗaya bayan nan ta watse, injin ya yi zafi ya cije, mahaifiyarki na kwance a gabana.

Na kuma ji abin da kika gaya wa Gwaggonki a bayan ɗaki, washegarin da kika iso. Kika ce, "Da an kai ta da wuri, da tana nan." Ke kin yi karatun abin, kin fi kowa sani. Shi ya sa ban buɗe wasiƙunki ba. Na san abin da ke ciki, kuma ba ni da amsa. Ba na neman ki yafe. Ina so dai ki san ban ɓoye miki ba.

Yaya ya ce in gaishe ki. Ya ce in rubuta cewa hannun hagu ma hannu ne.

Babanki


30 ga Yuli

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaishe ka ƙwarai. Ya jikin Baffa? Allah ya ƙara sauƙi. A riƙa wanke wurin kullum, a bar shi ya sha iska, in ya yi ja ko zafi kada a jira. Ni lafiya. Na ga rubutunka a bayan ambulan na kasa buɗewa a gaban mutane, sai da na shiga ɗakin ajiyar kaya.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Akwai wadda na aika wa Baffa ranar biyu ga wata, ya kamata ta iso yanzu. Ka karɓa ka karanta, na ba ka izini, naka ne ma fiye da nasa.

Baba, wallahi ban san zancen robar ba sai a wasiƙarka. Maganar mai shago na kwafa, don in cika takarda, don ina fushi ba na son in rubuta abin da ke raina. Da na sani, da na yanke hannuna kafin in rubuta.

Maganar bayan ɗaki kuwa, na faɗa. Amma ba awa biyunka nake nufi ba. Wata takwas ɗina nake nufi. Ni na ga ciwon tun yana ƙarami, na yi shiru na hau mota. "Da wuri" da na ce, lokacin nake nufi, kuma da kaina nake.

Yanzu zan yi maka magana ba a matsayin 'ya ba, a matsayin wadda ke tsaye kan irin wannan kullum. Kafin in dawo na je wurin likitan da ya karɓi Mama, na roƙe shi ya nuna mini takardunta. Zuciyarta ta riga ta kumbura ta gaji tun da daɗewa, ruwa ya cika huhunta. Ba zan yi maka ƙarya in ce na san abin da Allah kaɗai ya sani ba. Amma na ga mutane da yawa da aka kawo a wannan hali cikin minti goma, daga bakin titi, ban ga wanda ya tashi ba. Abin da awa biyun nan suka canza, a iya sanina, shi ne wurin da ta yi sa'o'inta na ƙarshe. Ta yi su tare da kai, ba tare da baƙi ba.

Wannan duk yana cikin wasiƙata ta farko, wadda ke ƙarƙashin matashinka. Wata tara ke nan tana wurin.

Ni na ɗauka fuskata ce ba ka son gani saboda abin da na yi. Ka gaya mini in haka ne. In ba haka ba ne, ina so in zo gida.

'Yarka


22 ga Agusta

'Yata,

Ina gaishe ki. Muna lafiya. Hannun Yaya ya rufe, ba ja ba zafi. Ya fara koyon rubutu da hagu a kan allon yara, yana tsaki. Gwaggonki ta ce yanzu ya san abin da ya yi wa 'ya'yan mutane shekara talatin.

Na karanta ta biyu ga wata. Na karanta ta ƙarshe. Sannan na ɗaga matashi na karanta huɗun nan a jere, a bakin ƙofa, da rana. Mahaifiyarki ba ta gaya mini komai ba. Ni ma na ga kumburin. Ni ma ta yi mini dariyar nan, ta ce kada in rubuta miki, kina da jarrabawa. Haka ta yi mana mu biyu, kowa ta ce ya tausaya wa ɗaya. Ba na ganin laifinki, ban taɓa gani ba. Nawa kuwa, na ji abin da kika ce, na kuma gode. Ban ce ya sauka duka ba. Robar dai ni na bar ta. Amma ina iya tashi da shi yanzu.

Injin Yaya na gama shi. Na so in mayar wa Dogo, Yaya ya ce in na taɓa shi da wannan niyya ba ni ba shi, ya riga ya biya da yatsa. Na canza ɗan ƙarfen. Kafiretar na sake kwancewa, abu uku ya sa a juye. Giyar da ke ƙafar injin ruwa ya shiga, na zubar na sa sabon mai. Robarki na sa ta da hannuna. Na daɗe riƙe da ita kafin in sa. Ja biyu ya tashi. Na tsaya ina kallon ruwan da yake fitarwa ta baya, siriri, ba yankewa, har duron ya yi ɗumi. Yaya yana zaune a kujera yana cewa ai shi ya yi rabin aikin. Na ce haka ne.

Na buɗe shago ranar Litinin. Kwaɗon sai da na sare shi. Inji huɗu na samu a ranar, na Mai Farar Hula na farko, don tun ranar asibiti na ji ƙararsa ba daidai ba.

Jirgina yana nan ɗaure inda na bar shi. Na kwashe ruwan ciki, na toshe inda yake yoyo, na ɗora injin. Ban kunce shi ba tukuna. Sau biyu na je da niyya, na zauna a ciki, na dawo. Ina ganin in akwai wanda zan ɗauko a ƙetare, zan iya.

Ki nemi hutun. Ki rubuto ranar da motarku za ta iso tashar ƙetare, da wuri, don wasiƙa na daɗewa. Kada ki shiga jirgin haya ko sun kira ki. Ki tsaya a bakin matakala inda zan hango ki.

Babanki

A ƙasa Yaya ne ya karɓi alƙalami, ya hana ni gyara masa:

Uwata, ki zo. Ni zan zauna a gaba. Baffa.